Yaɗon Mai-Wuya

Ku matso kusa, don Allah, ku zauna nan bakin tabarma. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma mutumin da na saba kai wa irinta yana kwance cikin ɗaki, kunnensa na ji amma bakinsa ba ya bayarwa.

Maganar shuka ce. Shuka guda ɗaya, cikin wani tsohon baho, a bayan ɗakin girkina. Turawa na ce mata sitiroberi. Ni harshena bai taɓa zama a kan sunan nan ba, sai na sa mata 'yar ja, gidan duka aka ɗauka. In ba ku taɓa ganinta ba, ganye ne ƙasa-ƙasa kamar na gyaɗa, sai dai ya fi faɗi kuma bakinsa da tsaga-tsaga. 'Ya'yan jajaye ne, kamar girman babban yatsa, ƙwayar irin kuma a waje take, manne a jikin fatar kamar an barbaɗa riɗi.

Maigidana, Malam, shi ya kawo ta. Ya daɗe yana zuwa ci-rani wajen Jos, yana aiki a lambun mutane, can ya gan ta ya ƙwallafa rai. Mu nan ƙauyenmu ta wajen Maska masara muka sani da dawa da auduga da waken suya, da rani kuma tumatir da tattasai ga mai fadama. Da zuwa gonar nesa ya zama sai da addu'a, a fita ba a san ko za a dawo ba, Malam ya haƙura ya bar wa ciyawa ita. Ya kewaye filin bayan gida da kara, inda rijiyarmu take. A shekarar ne ya sauko daga mota da jiƙaƙƙen buhu, yana rungume da shi kamar mai jego da jariri.

Na ce, "Malam, tsarabar ke nan? Maza na kawo wa matansu atamfa, kai ka kawo mini ciyawa?"

Ya ce, "Ciyawar nan, in Allah ya yarda, ita za ta sai miki atamfar."

Na ce, "To, Allah ya sa ina raye."

Iri biyu ne a buhun. Ɗaya zaƙi kamar an zuba mata zuma, ga ƙamshi, amma raguwa ce. Ka tsinke ta da safe, kafin azahar ta yi laushi ta fara ruwa, kuma da zafin bazara ya shigo sai gindin ya ƙone, da ƙyar ake tsira da 'yan kaɗan a inuwa. Ɗayar kuwa tana jure rana, jikinta da tauri, amma tsami gare ta kamar ɗanyar tsamiya, ka ciza sai ka runtse ido. Wadda mutane ke so ba ta kai kasuwa. Wadda ke kai kasuwa ba mai sonta.

Rannan ina tankaɗe, Malam ya leƙo ya ce, "Zan ɗaura musu aure."

Na ce, "Su wa?"

"Mai zaƙin da mai tsamin."

"Ikon Allah. Wa ye waliyyi?"

"Ni ne waliyyi, ni ne liman. Ke kuma ki tanadi guɗa."

Ashe da gaske yake. Ni ba mai fita ba ce, duniyata tsakar gida ce da bayan gida, don haka duk abin da ya yi a kan idona ya yi shi. Da sassafe zai tsuguna ya nemi furen mai zaƙin da bai buɗe ba tukuna. Ya ari allurar ɗinkin hulata ya buɗe shi a hankali, ya tsince 'yan rawaya-rawayan da ke ciki ya zubar. Sai ya je kan furen mai tsamin da gashin kaza, ya shafo garin rawayan nan, ya dawo ya shafa a tsakiyar na farkon. Ya rufe shi da ƙyallen tsohon gidan sauro don kada zuma ta kawo nata, ya ɗaure da zarena. Zaren hula nawa ya tafi a lambun nan, Allah kaɗai ya sani. Sai in nemi kore in rasa, in leƙa in gan shi a wuyan fure.

In 'yar ta nuna, ba ya bari a ci. Zai kankare ƙwayoyin da reza, ya shanya, ya zuba su cikin danshin yashi a ƙarƙashin randata su sha sanyi, sa'annan ya yafa a fasassun kasake. Su fito ƙanana kamar gashin jariri. Wasu rana ta kashe, wasu damina ta ruɓar. Waɗanda suka rage ya dasa su jere, kowanne shi kaɗai, a jira sanyi ya zagayo su yi 'ya'ya.

Ita shukar nan tana da wata ɗabi'a. In damina ta kusa, sai ta riƙa miƙo wani dogon hannu siriri a ƙasa, yaɗo, a bakinsa ɗan ganye, in ya taɓa ƙasa ya kama. Malam ba ya barin yaɗon sabbin nan ko ɗaya. Da ya gani zai sa reza. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ƙarfin uwa suke sha, kuma in suka shiga juna ba zan san wace ce wace ba." Wani lokaci ma ni yake sawa in cire.

Aikina na gaske shi ne ɗanɗano. Ya ce harshensa goro ya kashe shi, nawa ne mai rai. Sai ya ƙwala mini kira ina tsakiyar tuƙa tuwo.

"Zo ki taɓa wannan."

In ciza in ce, "Wannan ta gado uban."

"Wannan fa?"

"Zaƙi akwai, amma ciki rami ne, kamar an yi mata sata."

"Wannan?"

"Ruwa ce kawai aka sa wa jar riga."

Duk wadda na kushe, nan take zai tumɓuke ta ya wurga wa awaki. Har tausayi nake ji, in ce a ƙara mata shekara mana. Ya ce fili bai isa a yi wa kowa alfarma ba. Ƙaninsa, wanda ke acaɓa tsakanin Maska da Funtua, in ya shigo cin tuwo sai ya tsaya bakin dangar ya riƙe ƙugu.

"Matar Yaya, yaya amare? Har yanzu ba a haifi na kirki ba?"

In ce, "Kai da ko budurwa ba ka da ita, ina ruwanka da haihuwar wasu?"

"Ni ai jira nake Yaya ya gama da ciyawa, ya zo ya shafa mini gashin kazar nan ko na dace."

Malam kuwa sai dai ka ga kafaɗarsa na rawa, dariya yake yi a ɓoye.

Shekaru muka yi a haka. Yaranmu mata suka yi aure suka tafi, gidan ya rage daga ni sai shi. Wani sanyi, bayan wata bazara mai tsanani da ta share kusan duk sabbin da ya dasa, ya kira ni. Muryarsa ba irin ta kullum ba ce, ƙasa-ƙasa take, kamar mai tsoron kada wani ya ji.

Tun kafin in ciza na san daban take, don na daɗe ina lura da gindin nan. Ganyenta kore ne shar har yana neman baƙi, da kauri, ya ɗan lotsa kamar ludayi, in ka juya bayansa gashi-gashi ne mai laushi. Sandar ganyen ja-ja ce, ta sauran kuwa koriya. Furenta ba ya ɓuya cikin ganye, sama yake miƙewa, don haka 'ya'yan ba sa kwanciya a ƙasa su ruɓe. Ita 'yar doguwa ce, ba dunƙulalliya ba, kuma daga sama, kusa da hular ganyen, tana da wani ɗan wuya sumul wanda babu ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Na ciza. Ja ce har cikin zuciyarta, babu rami, babu fari. Zaƙi ya fara zuwa, sai ɗan tsami ya biyo baya kaɗan, daidai wanda zai sa ka nemi ta biyu. Ƙamshin ya zauna a yatsuna har na gama wanke-wanke.

Malam ya ce, "Yaya?"

Na ajiye muciya na rangaɗa guɗa. Sai da maƙwabta suka aiko tambaya ko haihuwa aka yi.

Mai-wuya muka sa mata. Malam bai yarda da harshena kaɗai ba. Ya jera 'ya'yanta a samira, ya ɗaure a bayan mashin ɗin ƙaninsa, ya ce ya je da su Funtua ya yini yana aikinsa ya dawo da su, kada ya kauce wa gargada ko ɗaya. Da la'asar sakaliya ya dawo, aka buɗe. Suna nan garau, ko tabo babu. Sai dai sun ragu.

Ƙanin ya ce, "Wallahi wani mai kayan marmari ne ya ce sai ya taɓa. Ya ce ko nawa ake da su a kai masa."

Na ce, "Shi ya ci, amma bakinka ne ya yi ja?"

Ranar Malam ya ci tuwo har da ƙari. Ya ɗauke Mai-wuya daga cikin jeren ya mai da ita baho ita kaɗai. Ya ce, "Gindi ɗaya ce tak a duniya. In damina ta faɗi za mu yawaita ta." Bai ce ta yaya ba. Ni ma ban tambaya ba, shi ke yi, ni ɗanɗano ne nawa.

Sanyi bai gama fita ba ya faɗi a bakin rijiya, guga a hannunsa. Aka kai shi asibiti Malumfashi, suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ya rayu. Amma ya dawo gida babu hannu, babu ƙafa, babu magana. Sauti ɗaya ya rage masa, wani gurnani daga maƙoshi, da shi yake neman ruwa, da shi yake amsa gaisuwa. Ni da nake gane takun kowa a zaure, na zauna ina koyon muryar mijina kamar baƙo.

Sauran 'ya'yan ƙarshe na nan a jikin Mai-wuya. Ni da ƙaninsa muka tsaya a kanta muka yi shawara, kuma babu wanda ya yi gardama, don abin a fili yake. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda ake ajiye iri. Zangarniyar da ta fi kyau ita ake ratayewa a rumbu. Tumatirin da ya fi cika shi uwata ke matsewa, ta wanke ƙwayar, ta cuɗa da toka, ta shanya a faifai, ta ƙulle a tsumma. Baɗi a shuka, ya fito kamar uwarsa. Kuma ba da idona na ga Malam na kankare ƙwaya yana shukawa ba? Ita kanta Mai-wuya ai daga ƙwaya ta fito.

Na bar 'ya'yan suka nuna lugub, na kankare, na shanya, na sa a yashi ƙarƙashin randa, komai yadda yake yi. Na shiga ɗaki na ce, "Malam, kwantar da hankalinka, na ajiye irin Mai-wuya." Ya dube ni ya daɗe. Lokacin jikin ya yi tsanani, ban san ko ya fahimta ba.

Da hadari ya fara haɗuwa, Mai-wuya ta miƙo yaɗo. Ita ba ta da yawan yaɗo kamar sauran, wannan ma yana cikin halinta, 'yan kaɗan ta fitar, gajeru masu kauri. Ƙanin ya ce, "Cire su, Matar Yaya. Waɗannan me za su yi mana? 'Ya ɗaya tana ɗauke da ƙwayar da za ta cika kasko. Bar uwar ta yi ƙarfi." Ran nan mun fito da Malam inuwar bayan gida ya sha iska. Na ce bari in yi a gabansa ya ga lambunsa bai zama maraya ba. Na sa reza na yanke na farko.

Sai ya yi gurnanin nan da ƙarfi. Ya shiga buga tabarma da hannun hagu. Na yar da rezar na ruga, na duba ko cinnaka ne, na duba ko rana ta cim masa, na kawo ruwa ya ture. Ƙanin ya ce ko fitsari ne ya matse shi. Muka ɗauke shi muka mai da ɗaki yana ta gurnani, idonsa a waje. Da na kwantar da shi na koma na ƙarasa yanke sauran. Daga ranar ya juya fuska bango, abinci sai da lallashi. Muka ce ciwon ne.

Ƙwayoyin suka fito, kasake cike. Na yi renonsu duk damina, na dasa su jere. Tun suna ƙanana wani abu ya fara damuna, don sandar ganyen wasu ja ce, ta wasu koriya, wani ganyen ya lotsa, wani shimfiɗe. Na ce yarinta ce, za su daidaita. Sanyi ya zo suka yi 'ya'ya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ciza. Wannan dunƙulalliya ce mai tsami. Wannan tana da wuyan amma ciki rami. Wannan zaƙi kamar kakarta, kafin azahar ta narke a hannuna. Kowacce da fuskarta, kamar yaran da aka tara a gidan suna. Na kai ƙarshen jeren harshena ya mutu, ban sami Mai-wuya ba. Ko mai kama da ita sosai babu.

Na zuba su a faifai na shiga wurin Malam, na durƙusa. Na ce, "Malam, ba su yi ba. Ko ɗaya. Me na rage? Shanyar ce ta yi yawa? Ko randar ce?" Ina magana ina kuka.

Ya dubi faifan. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa, ya yi ta nunawa har muka fitar da shi. A gefen danga akwai wata tsohuwar mai tsamin da wani busasshen yaɗo ke reto a jikinta. Ya ja jiki da ƙyar, ya kamo bakin yaɗon, ya ɗora shi a kan ƙasa, ya danna da babban yatsa. Ya riƙe. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi bahon Mai-wuya, yatsan na nan a danne.

Na zauna a ƙasa. Ashe ba dangin tumatir ba ce, dangin dankali ce da rogo da rake, waɗanda jikinsu ake dasawa. Ƙwaya caca ce, kowacce da abin da za ta ɗebo daga kakanni, shi ya sa Malam ya yi shekaru yana shukawa yana zubarwa kafin ya dace sau ɗaya. Mai-wuya ta gaskiya ba ta fita daga jikinta sai ta wannan hannun da take miƙowa.

Ƙanin da ya ji, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Innalillahi. Ni ne ma na ce a cire." Na ce ba lokacin wannan ba ne. Uwar na nan da rai, sai mu tsallakar da ita bazara, in damina ta kusa ta sake miƙowa.

Faɗa ne da sauƙi. Ita shukar nan ba ta daɗewa, kuma Mai-wuya ta fara tsufa, gindinta ya taso sama ya yi itace-itace, sabon ganye na fitowa ƙanana. Bazarar bana kuwa kun gan ta. Rijiyarmu ta ja baya har guga na dawowa da laka. Na bar sauran lambun duka ya bushe ina kallo, masu zaƙi da masu tsami da 'ya'yan ƙwayar nan, ban ba ko ɗaya ɗigo ba. Na kafa wa bahon 'yar rumfa da zana, na lulluɓe gefensa da jiƙaƙƙen buhu, na rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa. Ruwan alwalata a kwano nake tara shi, da na wankin shinkafa, duk nata ne. Da abin ya ƙi, ni da in ba biki ko rasuwa ba ba a ganina a waje, na yafa mayafi na ɗauki jarka na bi layin famfon burtsatse. Mata suna ta kallona.

Wata ta ce, "Yau wace rana! Ke ce a layi? Ko jikin Malam ne?"

Na ce, "Jikin da sauƙi."

"Mun ji wai ciyawa kike wa ɗiban ruwa."

Na ce, "Haka ne, kuma ba ta taɓa yi da ni ba."

Ba zan iya yi musu bayani ba. Tun ranar da ya danna yaɗon nan, Malam ba ya karɓar koko sai an fitar da shi ya ga bahon tukuna. In ganyen na tsaye zai sha har ya lashe ludayi. In ya gan shi a langaɓe, ko cokali ɗaya ba zai wuce ba. Mutum ne da aka raba da gonarsa, aka raba da hannunsa da harshensa, abin da ya rage da zai nuna ya ce wannan ni na yi, shi ne abin da ke cikin bahon nan. Na san abin da zai biyo baya in ya fito rannan ya tarar da busasshen kara.

Ta tsallake. Wallahi ta tsallake, da ganye 'yan ƙalilan, amma da rai. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Kullum da safe ina ɗaga ganye ina leƙawa, babu komai. Har na fara cewa ko tsufa ya hana ta. Sai rannan na ga wani ɗan jan abu ya leƙo daga gindin. Yaɗo. Guda ɗaya.

Ban yi guɗa ba wannan karon, tsoro nake ji. Na huda gwangwanin madara, na cika shi da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, na ajiye gefen bahon. Da yaɗon ya yi tsawo ya fitar da ɗan ganye a baki, na ɗora shi a gwangwanin na danne da ɗan dutse. Malam na kallo daga tabarma. Ranar har ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba, mai taushi.

Sai aka yi ruwan nan mai yawa na makon jiya, wanda ya rushe wa mutane katanga. Ina can ina fama da ɗakin Malam da ke yoyo, kafin in waiwayi bayan gida bahon ya cika taf, hudojin ƙasansa laka ta toshe su, uwar na tsaye cikin ruwa. Na tsiyaye, na ƙara hudawa, na ja bahon da gwangwanin tare zuwa ƙarƙashin rumfar ɗakin girki. Na ce ta tsira.

Ba ta tsira ba. Ganyen tsakiya ya fara langaɓewa alhali ƙasa na jiƙe. Na sa yatsa na taɓa gindin, ya yi laushi, ya koma ruwan ƙasa, kuma da na sunsuna akwai wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar albasa. Na barbaɗa toka, na cire ganyen da ya mutu. Kullum sai wani ya bi. Shekaranjiya na ga baƙin ya fito daga gindin ya hau kan yaɗon, ya ci kamar gaɓar yatsa. Yau ya kusa tsawon yatsan duka. Tafiya yake yi zuwa wurin 'yar shukar da ke gwangwanin.

Na ɗaga dutsen a hankali na leƙa ƙarƙashinta. Saiwa ta fara fitowa, farare, gajeru kamar ƙwayar shinkafa. Ba su kama ƙasa ba. Har yanzu ta cikin yaɗon nan take sha, daga jikin uwar da ke ruɓewa.

Ƙanin ya ce, "Yanke kawai, Matar Yaya, kafin ciwon ya iso."

Na ce, "Wancan karon ma yanke ka ce."

Can ya fita ya nemo lambar wani da suka yi aikin lambu da Malam a Jos, ya buga masa, ya sa a kunnena. Mutumin kirki ne, ya yi ta jajanta mana. Ya ce in aka raba ta da uwa saiwa ba ta kama ba, sau da yawa bushewa take. In kuma aka bar ta jikin uwa mai ruɓa, ciwon na iya bi ya same ta. Na ce to wanne zan yi, Alhaji? Ya ce, "Hajiya, wannan sai wanda idonsa ke kai. Ni daga nan ba zan ɗauki alhaki ba."

Ɗazu da hantsi muka fito da Malam. Ban ɓoye masa ba, ba ya ɓoyuwa ma. Na nuna masa gindin, na nuna masa baƙin da ke tafiya, na ɗaga dutsen ya ga saiwar. Na sa masa reza a hannun hagu na ce, "Malam, kai ka san ta. In yankewa ne, nuna mini wurin. In bari ne, ajiye rezar." Ya riƙe. Ya kai ta kusa da yaɗon, ya janye. Ya sake kaiwa. Bai yanke ba, bai kuma ajiye ba, har sai da ta zame daga yatsunsa ta faɗi da kanta. Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Ban san ko amsa ce ba, ko hannun ne ya gaji. Kokon da na dama masa yana nan a rufe ya huce.

Na wanke rezar na ajiye a bakin bahon. Tsakanin baƙin da 'yar saura kamar faɗin tafin hannu. Ga hadari kuma yana haɗowa ta gabas.

Ku da kuka ji komai, don girman Allah ku faɗa mini: in yanke ta yau, ko in ƙara mata kwana a jikin uwar?